Hanyar "Turawa" da Bashin da Ke Bin Ta: Fashin Baƙi Kan Kuɗin Ƙetare da Hanyoyin Karkarar Kaduna

Ƙarshen watan Agusta ne, ruwa ya kwana biyu yana zuba, na tafi gaisuwar rasuwa ƙauyen kawunnaina a gabashin Zariya. Daga inda ake sauka kwalta a kama burji, tafiyar ba ta kai rabin awa ba in da rani ne. Ran nan sai da muka ci awa biyu, don a wani rafi da ke tsakiyar hanya kwalbatin ya toshe. Na leƙa bakinsa na gani da idona: karan masara da ledoji da yashi da wani tsohon buhun taki ne suka cushe shi tam. Ruwa ya rasa ta ƙasa sai ya hau sama, ya bi ta kan hanyar, ya ci gefe guda har ya bar ramin da zai haɗiye tayar kanta. Direba ya ce kowa ya sauka. Muka naɗe wando muka ƙetare, samari suka tura motar, 'yan acaɓa kuma na ta kwasar buhunan wani ɗan kasuwa ɗaya bayan ɗaya daga wannan gaɓa zuwa waccan.

A bakin rafin akwai allon ƙarfe irin wanda ake kafawa in an ba da kwangila, amma tsatsa ta cinye rubutun. Da na isa sai na tambayi Kawu wa ya yi hanyar. Ya ce, "Ai ɗan nan, Turawa ne suka taimaka mana. Da suna nan da tuni sun gyara." Na ce, "Kawu, in kuma bashi ne fa?" Ya dube ni ya yi dariya, ya ce shi dai babu wanda ya kawo masa takarda ya dangwala.

Gaskiyarsa, ba a kai masa takarda ba. Sai dai akasarin kuɗin ƙetare da ake gina hanyoyin karkara da su a Najeriya rance ne, kuma da Kawu da ni da jikokinsa duk muna cikin masu biya. Kalmar "tallafi" da muke ji a rediyo ita ke ruɗa mutane. Kyauta zalla, wadda ba a biya, an fi samunta a allurar rigakafi, maganin zazzaɓin cizon sauro, horar da malamai, abincin 'yan gudun hijira. Ita ma ɗin tana ja da baya: a 2025 gwamnatin Trump ta rusa hukumar USAID ta Amurka, Birtaniya kuma ta sanar da rage kuɗin agajinta. Hanya da gada da layin dogo kuwa, tun asali da rance ake yin su.

Rancen ba irin na bankin kasuwa ba ne, wannan dole a faɗa. Bankin Duniya yana da wani reshe da ake kira IDA, wanda aka kafa a 1960 don ƙasashe matalauta. Ruwan da yake ɗorawa kaɗan ne ƙwarai, yana ba da hutun wasu shekaru kafin a fara biya, sannan a yi ta biya a hankali cikin shekaru gommai. Sauƙin nan shi ne tallafin. Babu gwamnan da zai samu irin wannan sharaɗi a bankin da ke kan titin Yakubu Gowon. Amma uwar kuɗin tana nan, kuma da kuɗin waje ake lissafinta. A nan gizo ke saƙarsa, zan dawo kan wannan.

Ba yau aka fara ba. Rancen farko da Bankin Duniya ya ba Najeriya, tun kafin 'yancin kai ne, a 1958: dala miliyan 28 don shimfiɗa layin dogo daga wajen Jos zuwa Maiduguri. A tsakiyar shekarun 1970 aka kawo manyan shirye-shiryen bunƙasa noma a Funtua da Gusau da Gombe, da kuɗin bankin, lokacin Funtua da Kaduna suna jiha ɗaya. Dattawan yankin har yau suna tuna gireda da motocin malaman gona, da hanyoyin burji da aka yanka zuwa ƙauyuka don taki ya shiga, auduga da masara su fito. Gwamnatin tarayya ma ta gwada da kuɗinta: Babangida ya kafa DFRRI a 1986 don abinci da hanyoyi da raya karkara, Abacha ya kafa asusun PTF da rarar kuɗin mai ya ɗora Buhari a kai. Kowanne ya yi hanyoyi. Je ka nemi da yawansu yau, sai ka tarar sawun babur kawai ya rage, wasu wuraren ma an shuka dawa a kai.

Wanda ya fi shafar mu kai tsaye shi ne shirin RAMP. A 2008 Bankin Duniya ya amince da rancen dala miliyan 60 don hanyoyin karkara, kuma Jihar Kaduna aka zaɓa a fara gwaji da ita, yayin da Bankin Raya Afirka ya ɗauki Kuros Riba. A nan gida an fi sanin shirin da KADRAMP. An sa hannu zamanin Namadi Sambo, aka yi aikin zamanin Patrick Yakowa da Ramalan Yero, aka rufe a 2016 Nasir El-Rufai na kan kujera. Gwamnoni huɗu a kan aiki ɗaya. An gyara hanyoyi sama da kilomita 400, an yi gadoji da kwalbatoci sama da 130 a kan rafuka. A ganina waɗannan mashigai na ruwa su ne mafi daraja a duk aikin, sun fi kilomitocin da ake taƙama da su. Ƙauye zai iya jure hanya mai gargada, amma rafi ɗaya in ya kawo ya raba shi da duniya: ba asibiti, ba kasuwa, ba makarantar da ke ɗaya gaɓar, sai ruwa ya janye.

Daga Kaduna abin ya bazu. A 2012 aka yi zagaye na biyu a Adamawa da Inugu da Neja da Osun, da dala miliyan 170 na Bankin Duniya da miliyan 60 daga hukumar raya ƙasashe ta Faransa, AFD. A 2020 aka faɗaɗa shi, aka haɗa da gyaran kasuwannin amfanin gona, aka sa masa suna RAAMP: dala miliyan 280 daga Bankin Duniya, miliyan 230 daga Faransa, jihohi 13, ciki har da Kano da Katsina da Sakkwato da Kebbi da Bauchi da Filato. A Disamban 2024 bankin ya ƙara amincewa da wasu dala miliyan 500.

To ta yaya kuɗin ke tafiya daga Washinton, hedikwatar Bankin Duniya, zuwa bakin rafi? Mutane da yawa suna ɗauka ana loda wa gwamna daloli ne a asusu ya yi yadda ya ga dama. Ba haka tsarin yake ba. Da farko jiha ba ta da ikon cin bashin waje da kanta. Gwamnatin tarayya ce ke sa hannu ta hannun Ma'aikatar Kuɗi, bayan Majalisar Tarayya ta amince, sannan ta sake ranta wa jihar da wata yarjejeniya daban. Ana kafa ofishin aikin a jiha da wani a Abuja mai sa ido. Kafin a ba da babbar kwangila sai an tallata, an tantance, an aika wa bankin ya duba ya ce ba shi da ja. Sai an yi nazarin gonakin wa hanya za ta ci, gidan wa za a rushe, bishiyar ɗorawar wa za a sare, an tsara diyya. Kuɗin ma da kaɗan-kaɗan ake sakinsa, gwargwadon aikin da aka tabbatar an yi. Shi ya sa ake sanar da rance a rediyo bana, katafila ba ta iso ba sai bayan shekara biyu ko uku. Mai jira a ƙauye ya ɗauka an cinye ne. Wani lokaci takardu ne ke yawo tsakanin ofisoshi.

Akwai kuma kason jiha. Mai ba da rance ba ya ɗaukar nauyin komai; akan bar wa jiha wani kaso ta zuba da nairarta, galibi har da biyan diyya. Duk wanda ya taɓa zama kusa da irin waɗannan ayyuka ya san a nan ake yawan tsayawa. Dala na nan a ajiye tana jira, naira ba ta fito daga baitulmalin jiha ba, ɗan kwangila ya kwashe kayan aikinsa ya tafi wani wurin, damina ta zo ta wanke abin da aka fara.

Biya kuwa babu wasa a cikinsa. Ba a jiran jiha ta ga dama. Tun a Abuja ake cirewa daga kason da jihar ke samu duk wata daga asusun tarayya, saura ne ke isowa Kaduna. Yanzu mu yi ɗan lissafi. A 2008 dala ɗaya tana wajen naira 118, wato dala miliyan 60 ta kama kimanin naira biliyan 7. Bayan da aka saki naira a Yunin 2023, ta yi ta faɗuwa har a farkon 2024 dala ta wuce naira 1,500. A wannan farashi, dala miliyan 60 ɗin ta koma naira biliyan 90. Ba wanda ya ƙara mana ruwa, ba wanda ya saɓa alƙawari. Mu dai naira muke tarawa, da dala ake bin mu. Manomin citta a Kachia aƙalla yana da abin da ake saya da dala a ƙetare. Baitulmalin jiha kuwa harajin ma'aikata da kuɗin fili da kason Abuja ya dogara da su.

Kaduna ta ɗanɗana wannan fiye da kusan kowace jiha, don a alƙaluman Ofishin Kula da Basussuka na Ƙasa ita ce ta biyu a bashin waje bayan Legas, alhali kuɗin shigarta bai kama ƙafar na Legas ba. Babban kaso na wannan nauyi ba daga hanyoyin karkara ya fito ba. Kowa na tuna dambarwar dala miliyan 350 da Bankin Duniya ya amince wa jihar a 2017, wadda Majalisar Dattawa ta ƙi a Maris 2018 bayan sanatocin Kaduna uku, Shehu Sani da Suleiman Hunkuyi da Danjuma La'ah, sun tsaya a kan cewa bashin ya yi yawa, sai a majalisa ta gaba aka amince. Wancan rance na gyaran tafiyar da kuɗin gwamnati ne da sauƙaƙa kasuwanci. A ƙarshen Maris 2024 Gwamna Uba Sani ya faɗa a taron jama'a cewa ya gaji bashin dala miliyan 587 da naira biliyan 85, kuma daga naira biliyan 10 na kason jihar a wannan wata an cire biliyan 7 don biyan bashi. Ko wane ɓangare mutum yake a siyasar jihar, lissafin ɗaya ne: abin da aka cire a Abuja ba zai sayi man gireda a Kubau ba.

Man gireda kuwa shi ne zuciyar maganar. Hanyar burji ba abu ba ce da ake yi a gama. Jar ƙasa ce aka zuba aka daddanne, aka ɗaga tsakiyarta kamar bayan kifi don ruwa ya gangara hagu da dama, ya faɗa lambatu, lambatu ya kai shi kwalbati, kwalbati ya fitar da shi. Rayuwarta kaf a kan wannan take: ruwa kada ya kwana a kanta. Da rani tayoyi da iska suna kwashe ƙasar sama ta zama ƙura, ita ce wadda ke shiga hanci da gashin ido, hanyar ta yi ta ƙanƙancewa tana yin gargada kamar bayan kwano. Tudun tsakiya ya baje. Ciyawa ta cike lambatu, manomi ya matso da kunyarsa har bakin hanya, wani ma ya toshe magudanar don kada ruwa ya shigar masa gona. Ruwan farko ya kwaso kara da yashi ya kai bakin kwalbati. In ba a yashe ba, ruwan Agusta ya tarar da ƙofa a rufe, ya hau sama. Da zarar ya kwanta a sawun taya, ƙasa ta jiƙa ta yi laushi, tifa ɗaya mai ɗauke da yashi ko gingimari da aka yi wa lodin masara ta wuce, shi ke nan an yi rami. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A kudancin jihar, wajen Kafanchan da Kagoro, inda ruwan sama ya fi na Zariya yawa ga kuma gangaren duwatsu, abin ya fi sauri.

Nauyin mota ma akwai abin da ba kowa ya sani ba. Injiniyoyi sun gano tun gwajin da aka yi a Amurka a ƙarshen shekarun 1950 cewa in ka ninka nauyin da ke kan kowane jerin tayoyin mota sau biyu, ɓarnar da take wa hanya tana ninkuwa kusan sau 16. Wato babura dubu su wuce ba su yi abin da babbar mota ɗaya mai lodin wuce ƙa'ida za ta yi ba. Ga shi kuma da an gyara hanya, masu yashi da masu itace da gawayi su ne ke fara gano ta.

Maganin duk wannan ba tsada gare shi ba in aka kwatanta da sake gini: a sare ciyawa, a yashe lambatu da kwalbati kafin ruwa ya sauka, a cike ƙananan ramuka, gireda ta bi sau ɗaya ko biyu a shekara ta mayar da tudun, bayan 'yan shekaru a sake zuba jar ƙasa. Bankin Duniya da kansa ya fitar da rahoto a 1988 yana cewa ƙasashe masu tasowa 85 sun yi asarar hanyoyi na kimanin dala biliyan 45 cikin shekaru ashirin, asarar da gyaran dala biliyan 12 zai iya karewa. Masu ba da rancen sun san matsalar tun kafin a haifi da yawa daga cikin masu karanta wannan. Amma rance gini yake yi. Gyaran shekara-shekara namu ne, da nairarmu, har abada. Hanyar da ba a kula da ita ba takan mutu cikin damina kaɗan, bashinta kuwa yana nan shekaru gommai. Akwai yiwuwar a ci sabon bashi a sake gina hanyar da ba a gama biyan na farkonta ba.

To hanyar ta wa ce? Najeriya tana da hanyoyi kusan kilomita 200,000, kuma wajen kashi biyu cikin uku a ƙarƙashin ƙananan hukumomi suke, wato matakin gwamnati mafi rauni shi aka bar wa kaya mafi yawa. Kaduna na da ƙananan hukumomi 23. Shiga sakatariyar kusan kowacce ka nemi sashen ayyuka, za ka ga gireda a ƙarƙashin bishiya, taya ta sace, kaji na ƙwai a ƙarƙashinta. Shekara da shekaru kuɗinsu ta asusun haɗin gwiwa da jiha yake bi, abin da ya iso bayan albashin malaman firamare da ma'aikata ba ya taka kara ya karya. A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa ba su kuɗinsu kai tsaye. Hukunci daban, aiwatarwa daban, kuma ko kuɗin ya iso, shugaban ƙaramar hukuma ma ɗan siyasa ne: yashe kwalbati ba a yanka masa ƙyalle, ba a gayyatar maroƙa. A matakin tarayya, dokar FERMA, hukumar kula da hanyoyin tarayya, da aka yi wa gyara a 2007 ta tanadi a ware kashi 5 cikin ɗari na farashin fetur da gas don gyaran hanyoyi, a raba tsakanin tarayya da jihohi. Tanadin ya zauna a takarda.

Gwajin Kaduna ya yi ƙoƙarin toshe wannan ɓaraka, kuma dabarar ta cancanci a fahimce ta. A kwangilar da muka saba, ana biyan ɗan kwangila ne bisa tifa nawa ya zuba, siminti nawa ya kwaɓa. Ya miƙa aiki, ya karɓi cek, ya tafi. In hanyar ta lalace baɗi, riba ce gare shi, don wata kwangilar ce. A tsarin da aka gwada ƙarƙashin KADRAMP, wanda ya gina shi zai ci gaba da kula da hanyar na wasu shekaru, ana biyansa gwargwadon yadda take: mota na wucewa da gudun da aka ƙayyade? akwai rami? lambatu a buɗe yake? In ba ta cika sharaɗi ba a yanke masa. Mutumin da ya san shi zai dawo ya cike ramin da aljihunsa, tun farko zai danne ƙasar da kyau. Indiya ta yi irin haka a babban shirinta na hanyoyin ƙauyuka da ta fara a 2000, inda gyaran shekara biyar ke cikin kwangilar gini. Raunin dabarar shi ne wa'adi yana ƙarewa. Ranar da shekarun suka cika, ofishin aiki ya rufe, hanyar ta koma hannun wanda ba shi da gireda.

Shi ya sa a RAAMP masu ba da rancen suka sauya salo, suka gindaya wa jihohi sharaɗin kafa hukumar hanyoyin karkara da asusun gyaran hanyoyi na musamman, da doka. Wasu na ganin wannan shisshigi ne, baƙo na tsara wa mai gida yadda zai share ɗakinsa. Ni ban ga laifin sharaɗin ba, abin kunyar shi ne sai da aka gindaya mana. Tsorona ɗaya: mun iya kafa hukuma. Za a yi doka, a naɗa shugaba, a sayi motoci, a buga kalanda. Abin dubawa shi ne ko naira na shiga asusun duk wata bayan baƙin sun tattara komatsansu.

Kada a ɗauka ina cewa a daina karɓar rancen. In akwai abin da ya cancanci a ci bashi dominsa, hanyar karkara na sahun gaba. Ma'aunin da ake amfani da shi a duniya shi ne mutum nawa ne a karkara ke zaune cikin kilomita 2 daga hanyar da ke biyuwa rani da damina. A lissafin Bankin Duniya, a Najeriya kusan mutum ɗaya ne cikin huɗu. Jiharmu kuma ta noma ce: masarar Saminaka da Giwa da Soba, cittar Kachia da Jaba da Kagarko, tumatirin Ikara da Kubau, raken Maƙarfi. Masara na jira a rumbu, tumatir ba ya jira. Kwandon da ya kwana a bakin rafi ya sha rana, kafin ya kai kasuwa ya zama ruwa. Inda mota ɗaya ce ke iya shiga, mai motar shi ke yanka farashi, manomi ya sayar ko ya zuba wa awaki. Inda biyar ke shiga, sai a yi ciniki. Taki ma haka, da tsada yake isa inda hanya ba ta da kyau, wato manomi na asara ta gaba da ta baya. Ban ma kawo zancen mace mai naƙuda a bayan babur da tsakar dare ba. Duk wanda ya fito daga ƙauye yana da labarin da ba ya son tunawa.

Sai dai a rage zuzutawa. Wasu masana tattalin arziki biyu, Sam Asher da Paul Novosad, sun bi diddigin dubban ƙauyukan Indiya da aka yi wa hanya, suka wallafa sakamakon a 2020. Babban sauyin da suka gani shi ne mutane sun samu damar barin gona su fita neman aikin lada a waje. Noman kansa da dukiyar ƙauyen ba su sauya sosai ba cikin 'yan shekarun farko. Wannan bai ba ni mamaki ba. Hanyar da ke fitar da masara ita ke fitar da samari zuwa Kaduna da Abuja su yi acaɓa. Hanya ƙofa ce. In babu iri mai kyau, babu wurin ajiya, babu mai saye da daraja, abin da zai bi ta ya fita shi ne mutane. Sannan ga tsaro. Hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari ta yi shekaru direbobi na bin ta da rai a hannu, ba don rami kaɗai ba. Babu injiniyan da zai kai gireda dajin da za a sace shi, kuma hanyar da manomi ke tsoron bi, ko da zinare aka shafe ta, ba ta kai kowa kasuwa.

Akwai kuma tambayar wace hanya za a fara. A takarda ana auna yawan jama'a, yawan amfanin gona, kusanci da asibiti da makaranta da kasuwa. Wannan tantancewa na cikin amfanin kuɗin ƙetare da ba a cika faɗa ba, don tana rage wa mai ƙarfi damar jan hanya zuwa ƙofar gidan surukansa. Tana ragewa ne, ba ta hanawa. Babban rashin daidaiton ma ba tsakanin ƙauye da ƙauye yake ba. Layin dogon Abuja zuwa Kaduna, kilomita 186 daga Idu zuwa Rigasa, wanda aka buɗe a Yulin 2016, an yi shi da rancen dala miliyan 500 daga bankin Exim na Chaina. Ina hawa jirgin, ina kuma jin daɗinsa. Amma rancen nan ya ninka na hanyoyin karkarar Kaduna fiye da sau takwas, kuma Kawu bai taɓa ganin tashar Rigasa ba. Abin da ake gani daga tagar motar manya shi ke samun kuɗi da wuri.

Abin da ya rage wa irinmu shi ne mu san abin tambaya. Takardun ayyukan Bankin Duniya a buɗe suke a shafinsa na intanet, da jerin kwangiloli da rahoton yadda aka kammala. Ɗalibin jami'a da ke da waya zai iya saukewa ya fassara wa ƙungiyar ci gaban garinsu. Kowane aiki yana da hanyar kai koke da aka wajabta, bankin kuma yana da kwamitin bincike mai zaman kansa tun 1993 da jama'ar da aiki ya cutar za su iya kai ƙara gare shi. In 'yan siyasa sun zo da albishirin sabuwar hanya, bayan tafi sai a tambaya: kyauta ce ko rance, jiha ta zuba kasonta, shekara nawa ɗan kwangila zai kula da ita, bayan ya tafi wa ke da ita, kuma a wane layi na kasafin kuɗi aka rubuta gyaranta.

Kwana uku na yi a ƙauyen. Ranar da zan dawo na tarar mai gari ya sa an yi gayya a bakin rafin: samari wajen ashirin da shebur da diga da kwanon sarki, wani yaro siriri ya rarrafa cikin kwalbatin da igiya a ƙugunsa yana turo yashi waje. Kafin azahar ruwa ya koma bi ta ƙasa. Ramin da ke gefe kuwa ya fi ƙarfin shebur, sai suka jera duwatsu da buhunan ƙasa, suka kafa reshen dalbejiya don direban dare ya gani. Na gaida mai gari, na ce, "Ranka ya daɗe, an kai maganar ramin nan gaba?" Ya ce an rubuta takarda tun bara, an kuma sake rubutawa bana, yanzu dai so yake a samu tifa biyu ta jar ƙasa kafin a fara kwasar masara.